Kwanon Inna a Ƙoramar Gauraki

Katakon ne ya dawo, Inna ba ta dawo ba. Ruwan safe ya kawo shi har gindin itatuwan sol, masu ganye kamar allura, ya ajiye a kan yashi, kwandonta yana ɗaure a gaba, cike da ƙumba. Ko ɗaya ba ta zube ba.

Duk matan ƙauyenmu Solpo da irin wannan katako suke shiga laka idan teku ta janye. Dogo ne, bakinsa a ɗage. Mace ta ɗora gwiwa ɗaya a kansa, ta riƙa tunkuɗa laka da ɗaya ƙafar, ya yi ta sulalewa da ita har inda ƙumba take. Kowa da ƙafar dama take tunkuɗawa, ban da Inna. Ta taɓa karyewa a dama tun tana budurwa, sai ta koma hagu, don haka ko daga nesa ana gane sawunta: santsin katako, da ramukan ƙafa a gefen da ba a saba gani ba.

A farkon sanyi abin ya faru. Hazo ya taso daga teku da rana tsaka, irin wanda mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Sauran matan suka bi muryar juna suka fito. Inna ta riga ta tsallaka Ƙoramar Gauraki, can gaba da kowa, don ba ta yarda wata ta riga ta cika kwando. Uwar Manbok, ƙawarta tun suna amare, ta ce ta ji ta tana kira, amma duk gefen da ta juya sai ta ji kamar daga nan muryar take fitowa. Daga nan ruwa ya dawo. Jiragen ceto sun yi ta yawo har suka gaji. Ko takalminta na roba ba a samu ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba. Na yi karatun tsuntsaye a jami'a, na ƙi aikin da aka ba ni a birni, na karɓi na gandun da aka keɓe a bakin tekunmu: fadamar kyauro, da dajin sol, da lakar da ke gabansu. Aikina gauraki ne, baƙaƙen nan masu farin wuya da ke saukowa daga arewa idan sanyi ya shigo. Da rana su yi kiwo a gonakin shinkafa da aka girbe, da yamma su koma bakin ƙorama su kwana a tsaye cikin ruwa mara zurfi, inda kare ba ya isa. A duk gaɓar nan wannan ne kaɗai makwancinsu. A nan kuma uwata ta nutse.

A wajenmu wanda ruwa ya ci ba ya tafiya ko'ina. Yana nan a ciki, a jiƙe, yana jin sanyi, har sai an tsamo shi. Dangol ce ke yin wannan, tsohuwar da ta gaji aikin rakiyar matattu daga uwar mijinta. Ana cika kwanon tagullar mamacin da ɗanyar shinkafa, a rufe da murfinsa, a ɗaure a bakin dogon alawayyo, a jefa inda ya nutse, ana buga ganguna da farantan tagulla don ya ji ya nufo. Idan aka jawo aka buɗe aka ga silin gashi a cikin shinkafar, to ya shigo. Sai a kai shi gida a sallame shi. Idan ba a yi ba, in ji mutane, kaɗaici yana sa shi ya jawo wani.

Aka taru a zauren ƙauye don sa rana. Yini biyu za a yi ana kiɗa a bakin ƙorama, da jirgin inji da komai. Shugaban gandunmu, Malam Maeng, ɗan birni ne da ba ya son rigima, har ya fara gyaɗa kai. Sai na miƙe, farin ƙyallen makoki yana maƙale a gashina, na ce ba za a buga ko cokali a bakin ƙoramar nan ba sai gauraki sun tafi.

Na tuna musu shekarar da aka yi wasan wuta a gaɓa, ina ƙarama. Gauraki suka tashi a daren, ba su sake sauka a Solpo ba har na gama sakandare. Na ce a wancan lokacin suna da wasu wuraren zuwa, yanzu kuwa an cike lakar kudu an gina masana'antu, ta arewa an yi mata bango. Na ce akwai 'ya'yansu na bana da ba su gama ƙwari ba. Na yi magana mai tsawo, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Uwar Manbok ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Dakta, gwiwar uwarki ce ta kai ki makarantar nan. Yanzu ita ce za ta jira tsuntsu ya gama barci?"

"Goggo, Inna ta mutu. Su suna da rai."

Ban ɗaga murya ba, amma da na mari wani da ya fi sauƙi. Wani tsoho a baya ya ce an tura yarinya koyon hankali ta dawo da fukafukai. Ba wanda ya yi dariya. Da zan iya cewa Inna tana ƙaunar tsuntsayen nan da na faɗa, amma kowa ya san ɓarayin shinkafa take ce musu, kuma ta sha jifansu da curin laka.

Malam Maeng da ya ga an samu wadda za ta ɗauki zagin, sai ya tuna cewa doka doka ce. Ni kuma na yi alkawari a gaban kowa: ranar da gauraka na ƙarshe ya tashi, ni da kaina zan ɗauki ganga zuwa bakin ruwa.

Baba ma yana zauren, ya ji komai. Da muka koma gida ya zagaya bayan ɗaki, inda ake hura wutar da ke ɗumama ƙasan gidan. Ya jawo garwashin waje ya kwara masa ruwa. Ya tsaya har hayaƙin ya ƙare.

"Ba zan kwana a ɗumi tana kwana a ruwa ba," ya ce. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba.

Na ɗauka kwana biyu zai yi ya gaji. Amma a wajensa na gaji rabin taurin kaina, rabin kuma yana cikin ƙorama. Ƙanƙara ta sauka, ruwan randa ya daskare, ƙasan ɗakinsa ya koma kamar dutsen rafi. Na sayo masa bargon lantarki, ya ninke ya ɗora a saman kabad. Na dafa miyar ganyen teku, ya zauna yana kallonta har kitsen ya kwanta a kai sannan ya sha. Wata rana da ya fita na hura wutar a ɓoye. Da ya dawo ya taka ƙasan ya ji ɗumi, sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma baranda. Dole na kashe. Daga ranar ni ma na bar ɗakina da sanyi. Ba don na yarda da abin da ya yarda da shi ba. Kawai ba zan bari a ce shi kaɗai ya iya ba.

A ƙauye kuwa an daina amsa gaisuwata. Matan sun ƙi zuwa lakar da ke kusa da ƙorama, inda ƙumba ta fi girma, don tsoron kada Inna ta jawo ɗaya daga cikinsu, kuma duk kwandon da bai cika ba ni ce sanadi. Idan na shiga kanti hira ta mutu. Idan na fito sai in ji gishiri yana zuba a bayana, kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga jana'iza. Rannan na juya na ce wa mai kantin ta rage ɓarna, za ta nemi na jiƙa kabeji ta rasa. Ta watsa min na biyun a ƙafa. Ban canza hanya ba. Kullum ta tsakiyar ƙauye nake bi, da rigar aikina da madubin hangen nesa a kafaɗa, ina gaida kowa da sunansa.

Duk wannan ban ɗauke shi da nauyi ba. Abin da ya yi min nauyi ba wanda ya sani.

Akwai wani dogon bene na katako a bakin dajin sol, daga inda nake duba gauraki da sassafe kafin su tashi kiwo. Idan ruwa ya janye, laka tana fitowa sumul kamar an shafe ta da hannu, babu sawun komai sai na tsuntsu. Wata safiya na karkata madubin zuwa ƙetaren ƙorama sai na ga santsi, dogo, ya taso daga wajen teku ya miƙe har bakin ruwan ya tsaya. A gefensa na hagu akwai ramuka a jere.

Na san abin da zan ce da wani ne ya kawo min labarin. Gungume ne ruwa ya ja. Amma gungume teku yake bi idan ruwa yana janyewa, ba tudu ba, kuma ba shi da ƙafa. Na sauko na tafi gida da sauri. Katakon Inna yana jingine a bango inda Baba ya ajiye shi, a bushe, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Ba kullum nake ganinsa ba. Sai a daɗe laka tana sumul, in fara gaya wa kaina yunwa ce da rashin barci, sai kuma in hau benen in same shi sabo, ruwa yana taruwa a cikin ramukan. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Babu sawun komawa. Gauraki suna sauka kusa da shi su yi kiwo, amma na lura tsallake shi suke yi, ba sa takawa. Da madubin a idona nake yi mata magana, iska tana kaɗa ganyen sol a kaina da ƙarar nan tasu mai kama da ruwa na zuwa. Nakan ce ta ƙara haƙuri. Nakan ce ita ta koya min cewa idan an fara abu ana gama shi. Ban taɓa ce mata na yi kuskure ba, don ban yi ba.

Baba ya fara tari. Da farko busasshe, daga baya ya sauka ƙirji.

A watan Maris iska ta juya. Gauraki suka fara taruwa da hantsi suna kuka, su tashi su yi ta zagaye suna hawa har su zama ɗigo, sannan su miƙe arewa. Garke bayan garke. Agwagin ruwa da dinya ma suka bi. Fadama ta yi shiru, sai zalɓe da tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da ke kuka kamar yana tambaya. Na sauko daga bene da niyyar in je in ce a ɗaure ganguna, sai na hango abu yana motsi a bakin kyauro.

Ɗan bana ne, kansa bai gama yin fari ba. Fiffikensa ɗaya yana ja a ƙasa. Da alama da wayar lantarki ya yi karo. Iyayensa sun yi ta dawowa suna kira, daga baya suka tafi. Mun gwada kama shi, amma lakar wurin tana haɗiye mutum har ƙugu, shi kuma da ya ga mutum sai ya nufi ruwa mai zurfi. Likitan dabbobi ya ce a ƙyale shi, ƙashin zai iya haɗuwa da kansa idan ba a firgita shi ba. Idan aka buga faranti a wurin, ko ya nutse, ko ya hau tudu karnuka su same shi.

Uwar Manbok ta tare ni a hanya, karo na farko da ta yi min magana tun zaure. Ta ce ai na ƙarshe na ce, ga na ƙarshen nan kuwa ya samu gida a Solpo, saura a nema masa mata. Sannan fuskarta ta canza, ta tambaye ni ko na ga faratan ubana kwanan nan.

Na gani. Sun yi shuɗi. Likita ya zo gida ya ce huhu ne, a kai shi asibiti. Baba ya tambaya ko ɗakunan asibitin suna da ɗumi. Aka ce ƙwarai. Ya ce to ba ya zuwa.

Da yammacin ranar na bi ta cikin dajin sol zuwa gidan dangol. Sunanta Okbun, amma Kaka kowa yake ce mata. Na same ta tana ɓare tafarnuwa a gaban talabijin. Ta ce ashe masu digiri ma sun san hanyar gidanta, ko tsuntsun ne ya mutu ake so a yi masa rakiya? Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tambaye ta ko ana iya tsamo mutum ba da kiɗa ba.

Ta daɗe tana ɓarewa. Ta ce kiɗa amfaninsa biyu: mamaci ya ji, masu rai kuma su ji an yi musu aiki. Ta tambaye ni ko uwata kurma ce. Na ce a'a. Ta ce to sai a samu muryar da za ta ji. Amma in ba kiɗa ba jirgin inji, sai dai a je a kan katako lokacin da ruwa ya janye, mutum ɗaya, kuma ita gwiwoyinta sun riga ta mutuwa.

"Ni zan je," na ce.

"Na sani. Ki kawo min kwanon gobe in ɗaure miki."

"A'a, Kaka. Ni zan zuba, ni zan ɗaure."

Ta ɗago ta dube ni. Na ce mata na san yadda gashi yake shiga kwanon da aka rufe. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta yi dariya har ta yi tari, ta ce ta ɗaure kwanoni da yawa a rayuwarta, wasu ta taimaka musu, wasu ba su nemi taimako ba, kuma har yau ba ta iya gane wanne ne wanne kafin a buɗe.

"Amma ki yi tunani, 'yar nan. Sau uku ake jefawa, ba a yin na huɗu. Ubanki yana da ƙarfin ganin farar shinkafa zalla?"

Na ce ba zan yaudare shi ba. Ta ce to, ta ci gaba da tafarnuwarta. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa matattu ba sa amsa sunan da aka ara musu. Idan abin ya ƙi, in kira ta da nata.

Na goge kwanon Inna da toka har na ga fuskata a ciki. Na farke sabon buhun shinkafa, na baza a farin faranti na tsince ta ƙwaya ƙwaya, gashina a cuse cikin hular roba. Na zuba, na rufe, na naɗe da alawayyo na ɗaure da ƙulli irin na masu jirgi. Ban bar shi ya bar hannuna ba.

Da safe duk Solpo tana tsaye a gindin itatuwan sol, ba mai magana. An kawo Baba a kujera, cikin babbar rigarsa. Kaka Okbun tana sanye da farare, ta zauna a tabarma tana rera waƙarta ƙasa-ƙasa, tana buga gwiwarta da tafin hannu a maimakon ganga. Na tura katakon cikin laka. Uwar Manbok ta matso ta gyara min ɗaurin kwando ba tare da ta dube ni ba, ta ce kada in tsallaka ƙoramar, ko me na ji.

Rabona da hawa katako tun ina yarinya. Na ɗora gwiwar hagu, ya karkace ya zubar da ni. Na ji wata ta danne dariya. Na tashi, laka har haɓa, sai na ga inda gwiwar Inna ta cinye katakon ta yi masa ɗan rami, a ɗaya gefen. Na sa gwiwar dama a ramin. Ta zauna daidai. Na tunkuɗa da hagu, ya tafi.

Lakar tana da sanyin da ke shiga ƙashi. Cinyata ta yi ta rawa, numfashina ya yi ta yankewa, muryar Kaka ta ragu har ta ɓace. Da na isa bakin ƙorama ban ji komai ba sai tsotson da laka take yi. Ɗan gaurakan yana can nesa a bakin kyauro, ya miƙe wuya yana kallona, bai gudu ba.

Sawun yana ƙetare, daidai gabana. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Har zanen tafin takalmin roba ya fito a ramin ƙarshe.

Na naɗe bakin alawayyon a hannu na jefa kwanon. Ya nutse. Na ce, "Inna, fito. Ni ce." Na jira, na jawo, na kwance da yatsun da ba sa ji. Shinkafa, jiƙaƙƙiya, fara. Na tona har ƙasa. Na ɗaure na sake jefawa, na gaya mata gauraki sun tafi, na gaya mata Baba ba shi da lafiya, na gaya mata ƙumbar da ta tara an dafa an raba wa maƙwabta. Na jawo. Shinkafa.

Ruwan ƙoramar ya daina gangarawa. Na san ma'anar wannan: teku ta kusa juyowa.

Tunda aka haife ni ban taɓa furta sunanta ba. Ko Baba Uwar Nanhui yake ce mata, da sunana, haka duk ƙauye. Na riƙe kwanon da hannu biyu na jefa shi tsakiyar ruwa, na buɗe baki na kira.

"Gilsun," na ce. "Gilsun, ya isa haka. Zo mu tafi gida."

Ba abin da ya motsa. Na jawo a hankali, na ɗora kwanon a kan katako, ban buɗe ba. Na waiga. Daga nan mutanen ƙauye kamar tsinken ashana suke a gindin itatuwa, amma na gane kujerar. Na daɗe ina kallonta. Sannan na cire hular roba, na kama silin gashina ɗaya na tsinke, dogo, baƙi, miƙaƙƙe. Na riƙe shi a leɓe na kwance ƙullin. Na riga na yanke abin da zan yi, kuma ban ji kunya ba.

Na ɗaga murfin.

Wani silin gashi yana kwance a saman shinkafar. Gajere ne, a nannaɗe irin na matan da ke zuwa gyaran gashi ranar kasuwa. Baƙin rini ne da ya fara komawa ja, gindinsa kuma fari, tsawon gaɓar yatsa. Inna ta yi ta cewa furfurarta ta fito, da an gama kakar ƙumba za ta je a sake rina mata.

Na buɗe leɓena, iska ta ɗauke nawa. Na rufe kwanon, na ɗaure, na sa a kwando. Ban dubi ƙetare ba. Na juya katakon.

Komawar ta fi zuwan wuya. Na ce gajiya ce. Kowace tunkuɗa sai na sa duk ƙarfina, bakin katakon yana nutsewa yana turo laka a gabansa, ruwa kuma ya fara biyo ƙananan hanyoyi a bayana yana sheƙi. Ban tsaya ba. Da na isa yashi ƙafata ta ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai wa Kaka kwanon.

Ta buɗe, ta duba. Ta ɗago ta dubi gashina da ke zube a kafaɗa, ta sake duba cikin kwanon. Waƙar ta tsaya mata. Ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba bai daɗe yana kallo ba. Ya mayar da murfin, ya buɗe rigarsa ya sa kwanon a ƙirji, da lakarsa da ruwansa, ya rufe.

"Uwar Nanhui, kin yi sanyi," ya ce.

Matan suka fara kuka, a hankali, don ko a lokacin ba wanda ya manta da sharaɗin. Ni ban yi ba. Na juya ina kallon laka kafin ruwa ya shafe ta. Sawu biyu ne, na tafiya da na dawowa, gefe da gefe. Na tafiyar ɗan santsi ne a sama-sama. Na dawowar ya yi zurfi, gefensa ya tattaru, kamar na ranar da mace ta ɗauko kwando biyu.

Uwar Manbok tana tsaye kusa da ni. Ta fi ni iya karanta laka, kuma na ga inda idonta yake.

"Kin yi ƙiba a hanya, Dakta," ta ce. Ta cire ɗankwalinta ta goge min laka a fuska, da ƙarfi, kamar mai wanke tukunya.

Ban ba kowa haƙuri ba, ba wanda ya ba ni. Ɗan gaurakan yana nan a bakin kyauro yana tsintar abinci, bai san an yi komai ba.

Samari suka ɗaga kujerar Baba. Har sun fara tafiya ya sa suka tsaya, ya juyo ya dube ni, karo na farko tun ranar zaure. Ya ce in bi ta daji in tattaro ganyen sol, busasshe, wanda ke can ƙasa ba na sama da raɓa ta taɓa ba, don murhun ya daɗe a mace, ba zai kama da sauƙi ba.

Na ari manjagara a gidan Kaka na shiga cikin itatuwan. Sai da na cika buhu biyu na lura har yanzu da ƙafar hagu nake fara taku.